Wasiƙar Baban Ngozi

Juma'a, 7 ga Mayu, 1999

Na saci wasiƙa. To, na rubuta. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko a addu'a sai in kewaye in ce, "Ubangiji, ka dai san abin."

Yau sati biyu ke nan. Duk mutanen gidan hayarmu, ɗaki tara, ta akwatin gidan waya na Baba suke karɓar wasiƙa, don shi kaɗai ke da akwati tun da ya kama aiki a masaƙa a Kakuri. Makullin yana wuyana. Kowace Juma'a in an tashi daga makaranta in hau bas in ɗauko, in dawo Sabon Tasha in raba ƙofa-ƙofa. Shekara uku ban ɓatar da ko katin Kirsimeti ba. Baba har alfahari yake yi a coci: "Phoebe ba ta da baki, amma abu ba ya ɓata a hannunta."

Wannan ta Baban Ngozi ce, makanikin ɗakin ƙarshe, uban ƙawata. Ambulan mai bakin ja da shuɗi, kan sarkin da hoton tsuntsu, rubutun mace, ƙanana a kwance. A littattafan soyayyar da nake karantawa, in irin wannan ta zo, to wata ce ta daɗe tana kuka a bakin teku. Na ce zan leƙa kawai in liƙe. Mama ta tafi zumuntar mata, wake na kan wuta, na kara ambulan a tururi kamar yadda wata ta yi a wani littafi. Ita tata ta buɗe lafiya lau. Tawa ta jiƙe, ta yage gida biyu, sunansa ya narke.

Abin haushi kuma, ko layi ɗaya ban iya karantawa ba. Shafi biyu cur. Ba Turanci ba, ba kuma Faransancin da muka taɓa yi a aji ɗaya ba. Sunansa kawai na gane, Anayo, sai Kalaba sau biyu.

Ga abin da ya fi cin raina. Kowace Juma'a yana zaune a kan bencinsa yana wanke hannu da kananzir, da ya hango ni sai ya ce, "Fosmasta, akwai nawa?" In ce babu. Ya yi dariya ya ce, "Sati mai zuwa." Shekara uku muna wannan wasan. Yau sau uku ke nan babun tawa ƙarya ce. Ya ma ba ni mangwaro. Na kasa sha.

Asabar, 8 ga Mayu

A jikin kan sarkin an rubuta Guinea Ecuatorial. Na duba taswira, babban birnin ƙasar yana kan wani ɗan tsibiri ne a ƙasan Kalaba. Sai na tuna Ngozi ta taɓa cewa babanta ya yi aikin gonar koko yana saurayi a wani wuri da suke kira Panya, kuma da yaren can yake zagin mota in ta ƙi tashi.

Na je wurin Monday mai tsofaffin littattafai a kasuwa. Na fi minti goma ina juya abin da ba na so kafin bakina ya buɗe. Ya ce Sifaniyanci suke yi a can. Ya tono mini wani littafi daga ƙasan kwali, ba bango, ɓera ya ci gefensa, na koyon yaren ne da Turanci, da ɗan ƙamus a baya.

"Turawan soyayyar ba su ishe ki ba, sai kin haɗa da na Sifen? Ko ɗan ƙwallo kika samu?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage. Muka yi musanya: littattafaina bakwai, har da na likitan nan mai tabo a goshi wanda na karanta sau biyar.

Shirina: in san abin da ke ciki tukuna. In ba komai ba ne, shi ke nan. In wani abu ne... ban sani ba.

Litinin, 10 ga Mayu

Kwana biyu ina neman kalma ɗaya-ɗaya a ƙamus, na fito da shirme. Gida, uwa, kafin, akwati, tara. Kamar an zubar da tsakuwa.

Yau a ajin Turanci Malama Christy ta rubuta doguwar jimla a allo, ta ce abin da take faɗa kullum har muna kwaikwayonta: "Kada ku tsorata da tsawonta. Ku kamo aikatau tukuna. In kun kama shi, ku tambaye shi wa ya yi, wa aka yi wa, yaushe." Na yi zumbur har Ngozi ta ce cinnaka ne? Shekara biyu ina cinye wannan darasin ina ganin ba shi da amfani sai a jarrabawa.

Littafin Monday ma haka yake magana, da irin kalmomin Malama: suna, wakilin suna, aikatau, lokacin da ya wuce. Wanda bai san su a Turanci ba ba zai gane ko shafin farko ba. Ni kuwa na san su kamar Addu'ar Ubangiji. Na ja layi uku a bayan littafin lissafi: wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa.

Laraba, 12 ga Mayu

Ruwa tun safe. Na canja wa wasiƙar wuri sau uku. Yanzu tana ƙarƙashin jaridar da ke shimfiɗe a akwatina.

Juma'a, 14 ga Mayu

Babu, na ce wa Baban Ngozi. Ban ko tsaya ba.

Masu yaren nan ba sa cewa "ni" ko "shi" sai sun ga dama. A wutsiyar aikatau suke ɓoye mai aikin. A Turanci kalmar tana zaune, wakilin suna ne ke canjawa a gabanta. Su kuwa wutsiya ce ke juyawa, kala shida. Na rubuta su a tafin hannu ina haddacewa a bas, kwandasta yana tambayata kuɗin mota ina kallonsa kamar sokuwa.

Wasu kalmomin kuma Turanci ne sanye da zane: familia, hospital, importante. Duk ukun suna cikin wasiƙar. Na fi son a ce babu ta tsakiyar.

Abu guda mai daɗi: yadda aka rubuta haka ake faɗa, kamar Hausa. Ba irin Turanci da ake rubuta harafi a ce kada a furta shi ba. Na karanta layin farko a hankali a bayan gida, wurin da ake shanya. Ban san me nake cewa ba amma ya yi daɗi a baki. Na ɗauka mai rubutun doguwa ce, da fure a gashi.

Lahadi, 16 ga Mayu

An ce in karanta aya biyu a gaban matasa. Ina farawa, wani daga baya ya ce, "Ɗaga murya, sauro ne?" Na zauna ban ƙarasa ba.

Talata, 18 ga Mayu

Yau Turanci ya yashe ni, Hausa ta cece ni. Littafin ya cika shafi uku yana lallashin Bature ya yarda cewa tebur mace ce, littafi namiji. Ni me zai ba ni mamaki? Mu ma kujera mace ce. Sai dai su teburinsu mace, namu namiji. Na yi ta dariya ni kaɗai, Mama ta leƙo: "Ke da wa?"

Ngozi ta kama ni da littafin a lokacin tara. Ta fizge. "Yaren babana! Ke Phoebe, me kike ƙullawa?" Na ce sha'awa ce kawai. Ta ce in na iya in koya mata zagi biyu ta rama. Ta raba mini ƙosan mamanta kamar kullum.

Rubutun matar yana wahalar da ni fiye da yaren. Ba na bambance n da u. Layi huɗu kawai na gama: gaisuwa ce, da ba ka san ni ba, da na daɗe ina tsoron rubutawa. To in bai san ta ba, ina soyayyar?

Alhamis, 20 ga Mayu

Akwai wata kalma a layi na shida, murió. Kwana biyu ina nemanta a ƙamus, babu. Yau ina wanke-wanke na tuna Malama ta ce ba a neman went a ƙamus ƙarƙashin kanta, gidansu go ne; akwai masu taurin kai da ba sa bin doka, jerinsu daban. Na bar kwanuka cikin kumfa na ruga. A bayan littafin akwai irin jerin. Ga ta nan.

Ta mutu.

Wa ya yi: uwata, Rosa. Me ta yi: ta mutu. Yaushe: Janairu, a asibiti.

Na zauna a bakin gado hannuna da sabulu. Ashe sati huɗu ina kwana da mutuwar mutum a ƙarƙashin kayana, ina yi mata fure a gashi.

Juma'a, 21 ga Mayu

Na bi ta bayan gida don kada ya gan ni. Ya aiko Ngozi ta tambaya. Babu.

Litinin, 24 ga Mayu

Sunanta Esperanza. Shekararta ashirin da uku. 'Yarsa ce.

Sau huɗu na bi jimlar da layukana uku ko zan samu kuskure. Babu kuskure. Ta ce, uwata ta ce kai ne ubana, ka tafi da jirgi kafin a haife ni.

Ngozi ta girme ni da wata biyu kawai, kuma kullum tana taƙama ita ce 'yar fari, ita ce Ada. Maman Ngozi tun asuba tana gaban kasko. Yanzu ni in shiga da takarda in ce ga wata? A littattafai nan ne ake fasa faranti, mace ta ɗaure kaya ta tafi tasha. Ƙila Allah ne ya sa na buɗe. Ƙila riƙewar ita ce alheri. Na faɗa wa kaina haka yau wajen sau ashirin, kuma har na ji sanyi-sanyi.

Ba zan karanta shafi na biyu ba.

Laraba, 26 ga Mayu

Na ari littafin soyayya wurin Vicky 'yar ajinmu. Shafi goma na ajiye. Matar ciki tana ta suma ba dalili.

Asabar, 29 ga Mayu

Yau soja suka miƙa mulki. Baban Ngozi ya fito da talabijin ɗinsa baranda ya haɗa da batirin mota, duk gidan aka taru, har masu wanki suka bar wanki. Baba ya ce shi sai ya ga sojan sun shiga bariki sun rufe ƙofa kafin ya yarda. Baban Ngozi ya ce, "Malam Bitrus, ka bari mu ji daɗi na kwana ɗaya mana, gobe ka ci gaba da rashin yardarka." Aka yi dariya.

Ana cikin fareti sai Baban Ngozi ya ce shi ya ga ranar da ƙasa ta juya a wuni ɗaya. Ranar da aka kwaso su daga Panya, ya ce, yana gona aka ce jirgi ya iso, kowa ya shiga da rigar jikinsa. "Ko sallama ban yi ba." Wani ya ja zancen wani wuri. Ni na tashi na shiga kicin.

Maman Ngozi tana can tana surfa wake. Ta ce in kama mata. Ban tambaye ta komai ba, wallahi, ita ce ta fara.

"Kin ji shi ko? Duk ranar biki sai ya tuna. Ya bar mace a can da ciki wata biyar."

Na ce, "Mama, kin sani?" Muryata kamar ba tawa ba.

"Tun kafin ya biya sadakina ya gaya mini. Ni nake saya masa takarda duk Disamba, tsohon Fada na cocinsu ya rubuta masa da yaren can. Ke ce ma kike kai wa gidan waya, Fosmasta, ba ki lura ba?" Ta watsar da ruwan. "Ko namiji ne ko mace, bai sani ba. Ni dai a ce yaron yana raye. Mutum ya yi ta tambayar akwati kamar maraya."

Na lura mana. Ambulan fari duk Disamba, ya ce in liƙa kan sarki da kyau. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Ba fasa faranti. Ba tasha. Ashe ba gidan Ngozi nake karewa ba.

Litinin, 31 ga Mayu

Na koma shafi na biyu. Kaina ciwo. Malama ta ce na rame, ko zazzaɓi ne.

Talata, 1 ga Yuni

Ban je makaranta ba, na ce cikina. Tun da Mama ta fita kasuwa nake kai, har aka dawo daga makaranta. Zan rubuta yadda na fahimta, ko da akwai wuraren da na cike da hasashe.

Bayan an binne uwarta, sun buɗe akwatin kawunta suna neman wata takarda. Ta samu wasiƙu tara da sunan uwarta, daga Kaduna. Ta hannun kawun suke zuwa, shi ke karɓar wasiƙun gidan. Ya buɗe ta farko, ya riƙe, sauran ko buɗewa bai yi ba. Da ta tambaye shi, ya ce ya ga kamar haka ya fi wa kowa sauƙi. Uwarta ta mutu tana cewa Anayo ya manta da su.

Shi ke karɓar wasiƙun gidan.

Na tashi na zagaya ɗakin. Na sha ruwa. Na dawo.

Sakin layi na ƙarshe wutsiyoyin duk sun canja, ban san su ba. Na bi littafin har babi na sha huɗu: lokaci mai zuwa ne, abin da Turanci ke yi da will. Duk sauran wasiƙar an yi, an yi, an yi. Nan kuwa za a yi.

Zan zo Kalaba. Zan biyo wata 'yar kasuwa mai kawo kaya ta ruwa, ranar sha tara ga Yuni. Zan zauna kwana bakwai a gidan 'yar'uwarta, ga adireshin. An ce ƙasarku za ta canja gwamnati, shi ya ba ni ƙarfin hali. Zan sa rigar uwata mai ruwan ɗorawa don ka gane ni. In ba ka zo ba zan gane, ba zan sake damunka ba.

Da haruffa ta rubuta ranar, ba da lamba ba, shi ya sa ban gani ba tun farko. Ta aiko tun Afrilu don ya samu lokacin shiri. Na cinye masa sati shida. Saura kwana sha takwas.

Alhamis, 3 ga Yuni

Hanyoyin da na bi a kaina tun jiya:

In tura ta ƙarƙashin ƙofarsu. Makulli ɗaya ne a gidan nan, kowa ya san wuyan da yake.

In ce haka na same ta a yage, ruwa ya shiga akwatin. Har na gwada faɗa a madubi. To ranar da ke kan hatimin fa? Kuma sai a zagi mutanen gidan waya a kan abin da ba su yi ba.

In sa a sabon ambulan in aika masa. Sati guda kafin ta zagayo, kuma ni ce dai zan ɗauko.

Ko ma wacce na bi, wa zai karanta masa? Na tambayi Ngozi a fakaice. Ta ce babanta a baki kawai ya iya yaren, bai taɓa ganinsa a takarda ba, yanzu ma saura zagi da ƙirge. Tsohon Fada kuwa ya koma ƙasarsu tun Ista. Ta ce, "Me ya sa kike ta tambaya ne wai?" Na ce ba komai. Ta dube ni ta dube ni.

Duk Sabon Tasha ban san wani da zai iya karanta takardar nan ba. Sai ɓarauniyar.

Baba zai karɓe makullin, wannan na sani. Zai daina faɗin abin nan a coci. Ngozi kuwa, ban san wanne zai fi ƙona ta ba, yayar ko ni. Na kasa cin tuwo. Mama ta ce gobe asibiti.

Juma'a, 4 ga Yuni

Na kwafe fassarar da kyau a takarda mai tsabta, ta Hausa ɗaya, ta Turanci ɗaya. Inda ban tabbata ba na ja layi a ƙasa, wuri biyar. Adireshin Kalaba na rubuta shi da manyan baƙi sau biyu. Yagaggen ambulan ma na haɗa, ban liƙe ba. Ya gan shi yadda na yi masa.

Da safe kafin makaranta na je wurin shanya na karanta ta da ƙarfi, da yarenta, daga farko har ƙarshe, har Hauwa mai ɗaki na uku ta leƙo ta taga ta ce ko addu'ar harsuna na fara. Ban daina ba. Ina ganin ya kamata ya fara jin ta yadda 'yarsa ta faɗa, ko da rabi zai gane, kafin in juya masa. Muryata ba ta yi rawa sosai ba. Ƙila don ba maganata ba ce.

Na biya ta wurin Monday a hanyar dawowa. Ya ce an kawo sababbi, har da mai hoton jirgin ruwa, ya ajiye mini. Na ce ya ba Vicky. Na tambaye shi ko littafin nan yana da na biyu, don in an tashi ba da amsa akwai wutsiyoyin da ban kai ba. Wato in an bar ni na rubuta. In ana ma yi mini magana.

Makullin na cire na ajiye wa Baba a kan rediyo. Wuyana wani iri.

Ga shi can ya dawo, ina jin ƙarar benci da warin kananzir. Maman Ngozi ma tana nan, gara haka. Zan rufe littafin nan in fita ta gaba, ba ta baya ba.

Zai ce, "Fosmasta, akwai nawa?"

Zan ce akwai.